Awon kemis ko awon gida: wanne za ki kai wa likita?

Hajiya, kin ce likita ya auna ki don duba hawan jini ya sami 150/95, ya ce ki zaɓa, ko ki fara shan magani yanzu ko a sa ido tukuna. Kina tambaya ko ki ci gaba da awo a kemis ɗin unguwarku a Agege, Legas, ko ki sayi na'urarki. Shawarata ki saya.

Awon kemis yana da araha, ga mai karanta miki lamba. Damuwata da shi yanayin da ake yin sa. Kin sauko daga motar haya ta danfo bayan cunkoson Oshodi, gumi sharkaf, wataƙila da goro a baki, a ɗaura miki maɗaurin na'urar a kan hannun riga kuna hira. Ina lamba ba za ta hau ba? Jibi ki leƙa da sassafe a sami lambar sama ta sauko 130, hankalinki ya kwanta. Likita ba zai iya gina shawara a kan wannan ba. Wasu ma ganin ma'aikacin lafiya kaɗai ke ɗaga musu jini.

Awon gida kuwa akwai ɗawainiya, kuɗin na'ura da na batir, sannan haƙuri. Ki sayi ta damtse, ta fi ta wuyan hannu inganci, kuma maɗaurin ya zama daidai hannunki, domin ƙaramin maɗauri a hannun mai jiki ƙara lamba yake yi. Ki zauna minti 5 kin jingina bayanki, ƙafa a ƙasa, hannu bisa tebur daidai ƙirji. Ba goro ba kofi tun rabin sa'a kafin awon. Sau biyu bayan Asuba, sau biyu bayan Isha'i, minti ɗaya tsakani, har kwana 7. Ki rubuta kowace lamba a littafi, har wadda ba ta yi miki daɗi ba. A cire na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran.

Iyakar ma ba ɗaya ba ce. A asibiti daga 140/90 ake kiran sa hawan jini, a gida daga 135/85.

Wannan littafin za ki ajiye wa likita tare da sakamakon gwajin suga da na ƙoda, domin mai ɗayan cututtukan nan ba a cika jinkirta masa magani ba. Ki tambaye shi abin da jira zai iya jawo miki, da illar maganin idan an fara.

Don Allah, idan kin ga 180/120 ga ciwon ƙirji, ko matsanancin ciwon kai, ko ido na hazo, kada ki jira kwana 7. Asibiti za ki nufa nan take.