Kayan ƙafa na 555 a tsohuwar Hilux: abin da suke gyarawa idan sitiyari yana wasa

Akori-kurar Hilux ƙirar 1988 zuwa 1997, da wadda ta biyo ta har wajen 2004, mota ce da injinta ke daɗewa fiye da ƙafarta. Za ka ga inji lafiya lau yana jan buhunan hatsi, amma direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana ta gyara mata hanya dama da hagu, ita kuma tana lilo a kan kwalta. Mafi yawan masu irin wannan mota idan sun shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, kayan 555 ake miƙo musu, na kamfanin Sankei na ƙasar Japan. Kayan suna da kyau, kuma sun cancanci kuɗinsu, amma sai idan abin da aka saya shi ne abin da ya ci a motar. A nan ne kuɗin mutane ke zubewa.

Waɗannan motoci ba irin Hilux ta 2005 zuwa sama ba ce mai rak, wato sandar haƙora da sitiyari ke turawa kai tsaye. Akwatin sitiyari gare su, a ɗaure jikin casis ta gefen direba. Daga ƙasan akwatin hannun da bakanikai ke kira fitman ya fito, yana tura doguwar sandar tsakiya. Ɗaya bakin sandar yana rataye jikin wani hannu a gefen fasinja, wato aidila, sannan tayarod, wato gajerun sanduna masu gaɓa, na ciki da na waje su kai motsin ga kowace taya. Gaɓoɓi ne da yawa, kuma in kowace ta ci kaɗan, kafin abin ya iso hannun direba ya taru ya zama babba. Ma'aunin Toyota shi ne kada wasan ya wuce milimita 30 a bakin da'irar sitiyari, tayoyi a miƙe, inji a kunne idan mai fawa ce, wato wadda mai ke sauƙaƙa juya sitiyarinta. Faɗin yatsa biyu ke nan, ba ƙari.

Kafin a sayi ko noti ɗaya, a yi gwaji da mutum biyu. Mota tana ƙasa da nauyinta, ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari dama da hagu da ɗan sauri, ɗaya ya shiga rami da tocila ya dafa kowace gaɓa da hannu. Wadda ta ci za ka ji tana bugun tafinka, sandar ta motsa kafin abokiyarta ta bi ta. Daga nan a ɗaga gaba da jak, a kama taya ta gefe da gefe a girgiza: motsi a nan na tayarod ne ko aidila. A sake kama ta sama da ƙasa: motsi a nan na boljoyin ne, wato gaɓar da ke haɗa taya da hannayen da ke riƙe ta, ko boris ɗin da taya ke juyawa a kai. Don a raba su, wani ya taka birki. In motsin ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne. A motar da ke ja da baya kaɗai, a sa jak ɗin ƙarƙashin hannun ƙasa da ke riƙe taya, domin in ba haka ba ƙarfin sandar sifirin zai danne boljoyin ya ɓoye cin da ya yi.

Tayarod da boljoyin su ne inda 555 ya fi burge mu. Sabo na gangariya da ƙyar za ka iya karkata ƙusarsa da yatsa, kuma yana tafiya sumul babu tsalle. Robar da ta rufe shi tana da kauri da laushi, zobenta ya kama sosai, ƙusar kuma tana zama daidai cikin ramin hannun taya ba tare da an cusa mata komai ba. Wannan robar ita ce ran gaɓar. Da zarar ta tsage, ƙurar rani da ruwan damina su shiga su gauraya da giris, su zama kamar yashin goge ƙarfe, cikin 'yan watanni gaɓar ta fara ƙara. Wasu kayan suna zuwa da bakin ɗura giris, wasu a rufe. Ga motar da ke shiga ƙauye, mai bakin ya fi, muddin za a riƙa ba shi giris duk lokacin canjin man inji, matsa biyu ko uku har robar ta ɗan kumbura, kada a cika ta ta fashe.

Aidila kuwa sai a hankali. Ita ce lagon ƙafar wannan mota, musamman mai jan ƙafa huɗu da aka sa wa manyan tayoyi. Bushin ɗin cikinta ba ƙarfe ba ne, kuma duk ramin da tayar dama ta faɗa, shi yake shan dukan. Idan ya ci, hannun ya riƙa hawa da sauka, saitin tayoyi yana canzawa ana cikin tafiya, gefen taya ya cinye ya bar tsakiya. Sabuwar aidila ta 555 tana kawar da wannan nan take, amma a hanyar gargada da lodi kada a sa ran za ta kai tayarod daɗewa. Matsalar daga ƙirar motar take. Idan sandar cikin ba ta lanƙwashe ko ta zaizaye ba, canza bushin kaɗai ya wadatar kuma ya fi sauƙin kuɗi, wasu ma na tagulla suke sawa. A duba jikin casis inda take ɗaure, da inda akwatin sitiyari yake, domin tsaga a wajen tana kawo wasan da babu sabon kayan da zai magance. Masu jan ƙafa huɗu da ke da gatarin gaba guda da sifirin mai ganye ba su da aidila. Nasu wasan a sandar da ke zuwa daga fitman da boris ɗin guiwar gatari ake nemansa.

Wajen ɗaurawa akwai ƙananan abubuwa da ke lalata kaya masu kyau. Tayarod na ciki da na waje zarensu ba ɗaya ba ne, ɗaya na dama ɗaya na hagu, don a iya saiti da juya bututun tsakiya. A tabbata an karɓo kowanne daga shago. Kafin a kwance tsohon, a auna tsawonsa daga tsakiyar gaɓa zuwa tsakiyar gaɓa da tef, a mayar da sabon kan wannan tsawo. Ƙirga zagaye kaɗai yana yaudara, don tsawon jikin sabo ba lallai ya zo ɗaya da na tsoho ba. A goge ramin da ƙusar za ta shiga ya bushe, babu giris. Notin mai tsaga idan bai zo daidai da hudar fil ba, gaba ake ƙara ɗaure shi, ba a sassauto shi baya, kuma sabon fil ake sawa, ba ƙusar kafinta ko guntun waya ba. Wannan fil ɗin shi ke tsakanin direba da tayar da ta balle a kan gudu. Bayan an gama, kai tsaye wajen alaimen, wato saitin tayoyi, ko da mota tana tafiya a miƙe.

Abin da 555 ba zai taɓa ba shi ne cikin akwatin sitiyari. Idan sandar da ke shiga akwatin tana juyawa amma fitman bai motsa ba, cin yana ciki. A saman akwatin akwai sukurun saiti da notin da ke kulle shi, kuma shi ne abin da bakanike mai gaggawa ke fara kai wa hannu, alhali shi ya kamata ya zo ƙarshe. A miƙe tayoyi, a ɗaga gaba, a sassauta notin, a shigar da sukurun kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a riƙe shi da sukudireba a kulle, sannan a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In ya fara nauyi a tsakiya, ko a kan hanya ya ƙi dawowa da kansa bayan an sha kwana, an wuce gona da iri, a koma baya. Matse shi da ƙarfi yana ɓoye wasan na ɗan lokaci, yana kuma cinye haƙoran ciki. Akwatin da sukurunsa ya nutse har ƙarshe ko yake zubar da mai ta wajen fitman, gyara yake so ko canji da na Kwatano mai lafiya. Man da ake zuba wa fawar waɗannan motoci man giya ne na otomatik, Dexron, ba man birki ba. Boris ɗin gaba ma saiti yake so ba lallai canji ba. A mai jan ƙafa huɗu soket mai lamba 54 ke kama notinsa.

Babban aibin 555 a kasuwa shi ne yawan jabunsa, don sunan da ya yi ya sa ana kwaikwayon kwalinsa. A buɗe a shago kafin a biya. Jabu ƙusarsa takan yi sako-sako ko ta cije wuri ɗaya, robarsa siririya mai ƙyalli, zaren notin da kaushi, rubutun kwalin a dishe. Farashin na gaske yana ƙasa da na kwalin Toyota, yana kuma sama da marasa suna da tazara mai kyau, saboda haka wanda aka sallama maka da arha sosai abin tuhuma ne. A je da tsohon kayan a hannu da lambar casis, domin na mai jan baya da na mai jan ƙafa huɗu suna kama a ido amma ba sa shiga wa juna. Idan tayarod na gefe ɗaya ya ci, a canza har da na ɗaya gefen, don tare suka sha hanya, kuɗin alaimen kuma sau ɗaya za a biya.