Ziyarar gidan Erddig: inda barori suka samu gurbi a bangon iyayen gidansu

Gidan Erddig yana kusa da birnin Wrexham a yankin Wales na Birtaniya, kuma tun shekarar 1973 yake hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, wadda ke karɓar kuɗin shiga daga maziyarta. Iyalan Yorke ne suka gaji gidan a 1733, suka zauna a cikinsa har tsawon shekara 240, kafin haƙar kwal da ake yi a ƙarƙashin ƙasa ta sa ginin ya fara nitsewa, na ƙarshensu ya miƙa shi kyauta.

Abin da ya fi burge ni a tsarin ziyarar shi ne ba a shigar da baƙo ta ƙofar masu gida. Ta bayan gida ake bi, a wuce maƙera da wurin aikin kafinta da ɗakin wanki da madafa, yadda ma'aikatan gidan suke bi a zamaninsu. A wani lungu akwai jerin ƙararrawa a saman bango, kowace tana da ɗakin da ake jan igiyarta, domin bara ya san wanda ke kiransa tun kafin ya ɗaga ƙafa.

Ɗakin cin abincin barori ne ya cancanci a daɗe a cikinsa. Tun wajajen 1790 masu gidan suka fara sa a zana hotunan ma'aikatansu, suna haɗawa da baitocin yabo da suka tsara da kansu. Akwai Jane Ebbrell, wadda aka zana a 1793 tana da shekara 87, aikinta share yanar gizo-gizo. Akwai kuma kafinta Thomas Rogers, wanda ya yi wa gidan hidima fiye da shekara 70, ɗansa James ya gaje shi a sana'ar, 'yar Thomas, Harriet, kuma ta zama mai riƙe da madafa da harkokin gida. Duk wanda ya san barantaka ta gado a gidajen sarauta da na attajirai zai gane irin wannan zama ba tare da dogon bayani ba.

Sai dai ya kamata maziyarci ya tuna cewa murya ɗaya yake ji a waɗannan baitoci, wato ta ubangida, alhali albashin gidan bai taka kara ya karya ba. A 1907 an gurfanar da mai dafa abinci Ellen Penketh bisa zargin sata, kotu ta wanke ta, amma ba ta koma bakin aikinta ba.

Masu aikin sa kai da ke tsaye a ɗakuna suna amsa tambaya cikin haƙuri. Ɗakunan sama suna da kyau, amma irinsu suna da yawa a Birtaniya, don haka wanda lokacinsa ya ƙure gara ya ƙarar da shi a sashen barori, ya ɗan leƙa lambun tuffa kafin a rufe.