Wata huɗu da sabon rediyo a Vitz ɗina

Motata Toyota Vitz ce ƙirar 2010, daga Japan aka shigo da ita. Tun da na saye ta, rediyonta ba ya wuce tasha biyu ko uku. Na daɗe ina zargin eriya, ashe matsalar daga can take: rediyon da aka ƙera don Japan daga mita 76 zuwa 90 yake kamawa, tashoshinmu na Ghana kuwa daga 87.5 suke farawa har 108. Shi ya sa Zuria FM da ke kan 88.7 take shiga tangaram, amma Luv FM a 99.5 da Nhyira a 104.5 ko motsinsu ba na ji. Ga shi duk rubutun jikinsa Japananci ne, ko agogo na kasa gyarawa.

Wata Asabar na tashi daga Aboabo na nufi Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a nan Kumasi, don sayen sabon rediyo. Na kamfanin Pioneer na so, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina, sai na ɗauki wani ƙirar Chaina mai allo inci 7, da Bluetooth da ramin USB da kyamarar ribas. Da kuɗin haɗawa, sidi 850 ya ci mini.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne Bluetooth ɗin. Ina tayar da mota yake haɗuwa da wayata, in aka kira ni in amsa hannuna na kan sitiyari. Duk wanda ya san cunkoson Kejetia da yamma ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Filas ɗin da na cika da karatun Alƙur'ani da tafsiri kuma, inda ya tsaya jiya nan yake ci gaba yau. Tashoshi duk sun shigo. Kyamarar ribas da rana tana da kyau, da dare dishi-dishi.

Sauti dai daidai kuɗinsa. A kwali an rubuta wat 50 sau huɗu, amma wannan ƙololuwa ce ta ɗan lokaci, ainihin ƙarfin bai kai rabin haka ba. In na ƙure murya sifikun ƙofa sai su fara karkarwa. Allon ma in rana ta take da ƙyar ake ganin rubutu.

Inda na sha wahala shi ne wajen wayarin, kuma nan nake so mai karatu ya tsaya. Yaron da ya fara haɗa mini yanke wayoyin motar ya yi, ya murɗa su ya naɗe da salatif. Bayan kwana uku da ajiye motar, na murza makulli, shiru, batir ya mutu. Na kai ta wurin wani dattijo mai wayarin, yana buɗewa ya ce, "Alhaji, zo ka gani." Rediyo yana da wayar wuta biyu: ruwan ɗorawa tana ɗaukar wuta kullum daga batir don kada ya manta tashoshi da agogo, ja kuma sai an murza makulli take samun wuta. Yaron ya haɗe su duka a kan wutar batir, don haka rediyon bai taɓa mutuwa da gaske ba. Na ce, "Baba, yanzu yaya za a yi?" Ya aiki yaronsa ya sayo soket ɗin da ya dace da Toyota, ya raba wayoyin, ya duba fiyus. Ya kuma sa ƴan robobi gefe da gefe, domin ramin Toyota ya fi rediyon faɗi da kusan santimita 2, da can ƙura ke shiga ta wurin.

Tun daga ranar batir bai sake ba ni matsala ba. Ƙanena ma yana son irinsa a tasa motar, na ce masa ya sayi soket ɗin tare da rediyon, kuma ni zan raka shi wurin Baba ranar Asabar.