GARGAƊI: Mai sayar da rauta a Facebook ya cinye min naira 210,000

Jama'a, raina a ɓace yake. Naira 210,000. Rauta uku, wato na'urar raba intanet, kowace 70,000, kuma da hannuna na tura masa.

Kada wani ya zo min da "me ya sa ba ka bincika ba". Shekara shida ina harkar nan, ni nake raba wa unguwarmu intanet da tikiti, da muka koma Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ma ni na haɗa komai. Rautar kamfanin MikroTik mai suna hEX nake nema, lambarta RB750Gr3, saboda ƙofofinta biyar na jona waya duk gigabit ne, wato 1000Mbps, ga RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, 256MB. Wayar da ta fito daga Starlink idan ta shiga ƙofa mai ɗaukar 100Mbps, to iyakar abin da zai wuce ke nan, ko nawa kake biya a wata.

Na bincika! Kiran bidiyo muka yi. Ya jona rautar a kwamfuta, ya buɗe Winbox, manhajar sarrafa rautar MikroTik, na gani da idona: RB750Gr3, 256MB. Ya ce, "Yayana, wallahi amana ce tsakaninmu, ba zan ci haram saboda 70,000 ba." Wannan "yayana" ita ke ta yi min yawo a kai. Har da cewa bari ya je sallar La'asar ya dawo ya kai kayan tasha.

Daren Juma'a yara suka cika min ƙofar gida, wai intanet na jan ƙafa. A'a, kafin nan ma, ranar Laraba da na karɓo kwalin a tasha na lura ramin USB ɗin kamar ya yi zurfi, na share. Sai Asabar na haska fitilar waya a ciki. Rami ne kawai, babu komai bayansa. Na kwance murfin, ashe allon lantarki na ƙaramar rauta hEX lite ne, RB750r2, aka cusa a gidan hEX, har da ɗigon gam yana riƙe da shi. Ita lite ba ta da USB, ƙofofinta 10/100 ne, RAM 64MB. Mutum talatin su hau lokaci guda, ga lissafin tikiti, ga taƙaita gudun kowa, ina za ta kai? Duka ukun haka. Ta gaske guda ɗaya gare shi, ita yake nuna wa kowa a bidiyo.

Na ma manta, sai da ya ƙara karɓar 6,000 kuɗin mota. Ga 210,000, ga 6,000. Rabin kuɗin na ƙanena ne, har yanzu ban iya kallon idonsa na faɗa masa ba.

Ya toshe ni a WhatsApp, shafin ma ya canza suna. Hotunan hirarmu, rasidin banki da hoton allon duk suna wajena, zan ɗora su yau da dare in sha Allahu.

Kada ku biya sai rauta na hannunku. Ku jona da kanku, ku buɗe Winbox ku shiga System, Resources, ku karanta sunan allon. Naira 210,000, wai yayana.