Yaya, ga labarin famfon banɗakinmu na Bradford

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, ya jikin Hajiya? Ka ce kullum labarin sanyi nake ba ka, to yau na famfo ne.

Tsofaffin gidajen Ingila kan famfo biyu suke sa wa wajen wanke hannu, na ruwan zafi a hagu, na sanyi a dama, kowanne da raminsa. Alwalar asuba a watan Janairu sai ka zaɓa: ko hannu ya ƙone ko ya sandare. Asalin abin, ruwan zafi daga tanki yake saukowa, wanda ke can saman silin, ba a yarda ya gauraya da ruwan sha ba. Da na gaji, na roƙi mai gidan ya bar ni in sa mai haɗa ruwan. Ya ce bismilla, amma da kuɗina.

Mai gyaran famfo da na kira ya ce fam 80 kafin ya taɓa komai, kuma sai bayan kwana tara. Na tuna namu da ke zuwa kan babur kafin shayi ya huce. Na ce ni ma ai ɗa ne.

Nan na yi wauta. Na sayo mai kyau, mai wuya ɗaya, sai da na buɗe kwali na ga rami ɗaya yake so a tsakiya, namu kuwa biyu ne a gefe. Na mayar da shi ina shirin rantsuwa, yarinyar shagon ta duba rasit kawai ta mayar min da kuɗina. A Ƙofar Ruwa da sai an kira shugaban layi!

Na biyu mai ƙafa biyu ne, ƙafafun a lanƙwashe, kana juya su har su dace da tazarar ramukan. Wannan karon da tef na je, na auno daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami. Mai shagon ya tambaye ni ƙarfin ruwan gidan. Ashe tankin da ya ɗara famfo da mita 2, ƙarfinsa kusan 0.2 ne kawai a ma'aunin ƙarfin ruwa da suke kira bar, alhali da yawa daga cikin famfunan zamani bar 1 suke nema. Da na ɗauki irinsu, da ruwan zafin ɗigo zai riƙa yi.

Cire tsohon ne ya ci min yini. Notin na can bayan kwanon, ya yi tsatsa, sifana ba ta shiga, sai da na sayi wata mai dogon wuya da aka yi musamman don wannan lungun. Ina kwance rigingine, ruwa na ɗiga min a kunne, Maman Amira na haska min da waya tana dariya. Sannan bututun tagulla mai milimita 15 ya ƙi kaiwa ga sabuwar ƙafar, saura kamar faɗin yatsa biyu. Namu da ya gasa roba a wuta ya cusa, ya naɗe da farin tef. Nan akwai gajeren tiyo mai saƙar ƙarfe, baki ɗaya milimita 15, ɗayan rabin inci. Zaren kuwa irin namu ne sak, don a wajen Turawan nan muka gaje shi.

Tun da kun kai ga banɗakunan sabon gidan, don Allah kar a sayi kwano yau, famfo wani watan. A ɗora su a shago a ga sun zauna kafin a biya. A gaishe min da Hajiya, ka ce mata yanzu da ruwa mai ɗumi nake alwala.