Rediyon Tsohuwar Marsandi: Ta Asali Ko Sabuwa Mai Fuskar Da?

Masu tsoffin Marsandi sun ishe ni da tambaya: wace rediyo za su sa a mota, Becker ta asali mai kaset, ko sabuwar Blaupunkt Bremen SQR 46?

Becker tana shiga ramin rediyon motar cif, ba a yanka waya, kuma tana ɗaga darajar mota ranar sayarwa. Amma mai lafiya tsada gare ta. In robar da ke juya kaset ta saki, sai ta riƙa cinye zare, mai gyara kuma sai an sha yawo. Wasu tsofaffin ma FM ɗinsu bai wuce 104 ba, don haka ba sa kama tashoshin da ke sama da nan.

Bremen akwai Bluetooth da USB, babu kaset, kuma mai ido zai gane sabuwa ce.

Mai adana mota don kwalliya ya nemi Becker. Mai hawa kullum, Bremen ta fi masa sauƙi.