Gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna Legas: a kula da mai gyaran tsohuwar rikoda na Facebook

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don duk sanda na fara sai zuciyata ta ɓaci in ajiye waya. Amma shekaranjiya wani abokin kasuwancina a Mile 12 ya miƙo mini wayarsa yana tambaya ko na san wani mai gyara, wai zai tura masa rikodar kakansa. Ina dubawa na ga mutumin nan ne, sunan shafi kawai ya canza. A nan na ce shiru ya ƙare.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayo rikoda National Panasonic mai sifika biyu a Jidda, shekarar da ya sauke farali, 1984. Da ita yake jin tafsiri da azumi a ɗakinsa na Agege, da ita kuma yake aika wasiƙa gida. Yaran yanzu ba su san wannan ba. A da, mutum zai sa kaset ya danna jan maɓalli, ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da ya aiko da wanda za a ba, sannan ya damƙa wa direban motar goro ya kai Arewa. Bayan rasuwarsa Inna ta ciro mini uku daga cikin irin waɗannan kaset-kaset a ƙasan adakarta a Funtuwa, ta ce, "Ka je da su, tun da rikodar tana wurinka. Ina son in sake jin muryarsa kafin in bi shi." Rikodar kuwa ta yi shekaru a kan durowa. In ka danna, za ka ji 'yar motar da ke juya kaset tana gurnani a ciki, amma babu abin da yake juyawa.

A Facebook na ci karo da shi. Shafinsa cike da bidiyon tsofaffin Sony da Sharp da Aiwa suna sheƙi suna waƙa, ga mutane a ƙasa suna ta yabo da sa albarka. Na kira, ya amsa da sallama, ya yi mini Hausa tangaran, har da tambayar garinmu. "Alhajina, ai wannan aikin lada ne, muryar mahaifi ba abin wasa ba ce." Ya ce shagonsa yana Alaba International amma ana gyaran layinsu, yanzu a gida yake aiki, kada in wahalar da kaina da cunkoson hanyar Ojo, zai turo mai babur ya karɓa. Ya ƙara da cewa zai juye mini kaset ɗin a memori kyauta. Wannan maganar ce ta sa na haɗa masa da duka ukun, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo yau.

Kafin alƙalami naira 15,000. Bayan kwana huɗu ya turo bidiyon wani ƙonannen allon wayoyi, ya ce mota da kan da ke karanta zaren kaset duk sun mutu, sai an yi odar su daga Japan, 40,000. Bayan sati biyu, wai kwastam sun riƙe kayan, a cika 18,000. Ku lura da wannan: sau uku na tura kuɗi, kuma kowane karo sunan asusu daban ne, yau na ƙaninsa, gobe na mai POS ɗin ƙofar gidansa. Kayanka suna hannunsa, don haka kowane sabon kuɗi sai ka ga gara ka biya da ka rasa duka. A kan haka ya gina sana'arsa.

Sati bakwai cif sannan mai babur ya kawo ta, da daddare, naɗe a leda da salatif, yana sauri. Tana kunnuwa, ba ƙarya. Amma ina ɗaukarta na ji ta yi sakayau. Na san nauyin rikodar nan tun ina yaro, ni nake ɗauko wa Baba ita zuwa ƙofar gida. Na sa wani kaset na gwada, murya siririya, tana rawa kamar mai jin sanyi. Kaset biyu ne a ledar, ɗaya zarensa ya cukurkuɗe an cusa shi da yatsa. Babu na uku, babu memori. Na kira ya ce, "Zan nemo maka, Alhaji, yara ne suka gyara ɗaki." Washegari lambar ta daina shiga, shafin ma ya toshe ni.

Wani dattijo a masallacinmu ne ya kai ni wurin wani tsohon mai gyaran rediyo kusa da layin dogo a Agege, mutumin da na sha wucewa ta gaban rumfarsa ban taɓa tsayawa ba. Ya kwance bayanta a gabana, ya leƙa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ba cikinta ba ne." Ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Injin asali farantin ƙarfe ne, da wani faifai mai nauyi da ke daidaita gudun zare. An cire shi gaba ɗaya, an liƙa na roba irin na sababbin rikodoji masu arha, da gam aka riƙe shi don ramukan sukuru ba su dace ba. Kan da aka sa ƙafa biyu gare shi, wato mai murya ɗaya ne, alhali na sitiriyo ƙafa huɗu yake da su. Maɓallin ɗaukar magana ba a haɗa shi da komai ba, haka ma lambobin nan masu ƙirga zare. Kwangon Baba da allon wayoyinsa ne kawai suka dawo mini.

Na tambaye shi me mutum zai yi da tsohon inji. Ya ce kamfanonin Japan sun daɗe da daina ƙera irinsa, masu tara tsofaffin kaya kuma, a nan da ƙasashen waje, suna nemansa ido rufe, don da shi ake tayar da wata rikodar mai tsada. Ka ga ke nan ya ci kuɗina, ya kuma sayar da kayana.

Sai ya sa sukundireba ya kankaro wani baƙin abu mai danƙo a ƙasan kwangon, kamar kwalta. Ya ce wannan shi ne ciwonta tun farko: bel. Robar da ke ɗaukar juyi daga mota zuwa faifai, in ta shekara talatin ko arba'in, ko dai ta saki ko ta narke ta zama haka, zafin Ikko da laimarta kuma suna ƙara mata sauri. Maganinta a goge danƙon tas da auduga da sifirit, a sa sabon bel daidai awonsa. Aikin wuni ɗaya ne, ba ya bukatar Japan, ba ya bukatar kwastam.

Na zauna a rumfarsa har la'asar, kuma abin da na koya ina ganin duk mai tsohuwar rikoda ya kamata ya sani, don kada a tsorata shi da manyan kalmomi. In mota tana ƙara amma komai ba ya juyawa, bel za a fara zargi. In tana cin zare, a duba 'yar baƙar tayar roba da ke matse zare a jikin sandar ƙarfe, takan bushe ta yi santsi, ko kuma ƙafar da ke naɗe zare ta daina ja. In murya ta dusashe kamar daga cikin tulu, sau da yawa dauɗa ce a kan da ke karanta zare, ko ya ɗan karkace, akwai ƙaramin sukuru a gefensa da ake saita shi da shi. In murya ta yi sauri ko ta yi nauyi, gudun mota ne ya kauce. Tun da Philips suka fito da kaset a 1963 gudunsa ɗaya ne, santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma yawancin motocin suna da ɗan rami a baya inda ake daidaita su. Mota takan mutu, kai ma yakan cinye, amma mai gyaran gaskiya zai nuna maka a jikin taka rikodar, ya kuma miƙo maka wanda ya cire. Wani abin lura ga masu sayen tokumbo: a duba bayanta kafin a jona, domin ta Japan wutar 100 take sha, ta Amurka 120, tamu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta.

Don Allah, kada wanda ya ba mai babur kayan gadonsa ya kai wa mutumin da bai taɓa ganin rumfarsa ba. Ka je da ƙafarka, a buɗe a gabanka. Ka ɗauki hoton cikinta da lambar da ke bayanta, ka ɗiga jan farce a jikin mota da farantin inji yadda za ka gane naka. In ya ce sai ka tura kuɗin oda, ka ce ya rubuta maka sunan abin da lambarsa, ka tambaya a wani wuri. In ya turo bidiyon ɓarna, ka ce ya haska lambar rikodarka a cikin bidiyon. Ni ƙonannen allon da aka nuna mini ko kama da nawa bai yi ba, nawa lafiyarsa ƙalau yana ciki har yanzu.

Kaset ɗin da babu irinsa a duniya kuwa, kada ya bar hannunka. Ba a gwada gyara da shi, a nemi wanda ba a damu da shi ba. A ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na samansa don kada a danna jan maɓalli bisa kuskure a goge. Juyewa ma ba wani sihiri ba ne: waya ce daga ramin abin sauraro na rikoda zuwa kwamfuta, da manhaja kyauta irin Audacity. Kaset mai lamba 60 minti talatin ne kowane gefe, za ka iya zama a yi a kan idonka.

Na je Alaba da kaina, na bi layin masu kayan sauti ina nuna hotonsa, babu wanda ya san shi. Akwai ƙwararrun masu gyara a can, masu amana, sunan kasuwarsu kawai ya ara. Na kai ƙara banki da caji ofis da shaidar tiransifa uku da muryoyinsa da na ajiye, ana kan bincike. Duk wanda ya taɓa faɗawa hannunsa ya yi haka shi ma, kada kunya ta hana shi, ƙorafin mutum ɗaya ba ya nauyi kamar na goma.

Sabon shafinsa yana nan, kuma bidiyon farko da za ku gani National Panasonic ce mai launin azurfa, hannunta da ɗaurin jan zare a ɓangaren hagu. Inna ce ta ɗaura shi da hannunta. Ya ɗauke ta tana aiki da injinta na asali kafin ya yashe ta, da ita yake tallar ƙwarewarsa yanzu.

Tsohon nan na Agege ya kwance sukuru biyar na kaset ɗin da aka cukurkuɗa, ya miƙe zaren a hankali a kan tebur, ya yanke inda ya tsage ya haɗa, ya mayar da shi wani sabon gida. Mun samu minti 19 a gefen farko. Na tura wa Inna ta WhatsApp ɗin ƙanwata. Ta ce a sake sa mata sau uku, sannan ta tambaye ni ina wanda yake kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya. Shi ne na ukun da bai dawo ba.